Yadda Ake Yada Zango a Birnin Zariya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Kano ya san Kwangila. Nan ake tsayawa a sha mai, a sayi rake da ruwan sanyi, direba ya zagaya ya duba tayoyi, a kama hanya. Tambayi irin wannan matafiyi ko ya san Zariya, zai ce maka sau nawa kuma! Alhali abin da ya sani bai wuce gadar sama da 'yan talla ba. Birnin kansa, mai ganuwa da fada da unguwannin malamai, yana can gefe, tafiyar 'yan mintoci daga babban titi. Awa huɗu zuwa biyar sun isa mutum ya shiga ya gani ya fito, ya kuma isa inda ya nufa da sauran rana, in dai ya tsara abinsa tun daga gida.

Lissafin lokaci shi ne farko. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, daga Zariya zuwa Kano kuma wajen 150. Wanda ya bar Kaduna bayan karin kumallo zai shigo Zariya da hantsi, kuma wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa: rana ba ta yi zafi ba, masu sana'a sun buɗe, fada ta fara cika. Ka sa wa ranka cewa da an idar da sallar la'asar kana cikin mota. Ka ƙara wa lissafinka rabin awa saboda shingayen jami'an tsaro da wuraren da ake gyaran titi, kada magariba ta riske ka a daji. Wanda ya taso daga Abuja da asuba zai iso wajen azahar, don haka ko dai ya tsaya a kan cikin birni kaɗai, ko ya yanke shawarar kwana. Kwanan ya fi, in da hali.

Ranar Juma'a tana da daɗin kallo, domin ranar ce masu sarauta ke zuwa gaisuwa cikin manyan riguna da rawuna, amma daga ƙarfe sha biyu hanyoyin da ke kewaye da fada sukan cushe, kuma ba ka fita sai an sauko daga masallaci. Kwanakin Sallah kuwa, da Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ba na mai wucewa ba ne. Wanda ke son ganin hawa ya zo musamman, ya nemi masauki tun da wuri. A cikin shekara, daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu ne tafiyar ƙasa ta fi sauƙi a lunguna. Sai dai in hazo ya sauko sosai, hangen gari daga kan Dutsen Kufena ya tashi a banza.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai, shi ne ɗan gari. Birnin Zariya ba gidan adana kayan tarihi ba ne da za ka sayi tikiti ka bi alamu. Gidajen mutane ne, da zaurukansu da makarantunsu da masallatansu, kuma kusan duk abin da ya cancanci gani yana bayan wata ƙofa da sai an yi sallama. Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin ka taso, ka nemi wanda zai karɓe ka. Wannan ba ya wuya, don da ƙyar za ka sami gida a Arewa da ba shi da wanda ya yi karatu a Zariya. Amma a yi hattara: ɗalibin Samaru daban, ɗan birni daban. Akwai wanda ya yi shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello, tsakanin ɗakin kwana da aji da tashar mota, bai taɓa taka Ƙofar Doka ba. Bazazzagen cikin ganuwa kake nema, wanda in ya tsaya a ƙofar gida aka ji muryarsa za a ce a shigo. In ba ka samu ba, ka ɗauki shatar mai keke mai ɗan shekaru, ku yi ciniki tun kafin ka hau, ka faɗa masa wuraren da kake so da awa nawa za ku yi.

Mota kuwa a ajiye ta. Manyan titunan birni suna ɗaukar mota, amma lungunan da ake son gani ba sa ɗauka, kuma mai neman wurin juyawa ba ya kallon gini. Ka bar ta a gidan wanda ya karɓe ka ko a fili mai maigadi, kada ka bar jaka ko waya a kan kujera, in ka dawo ka ba maigadin na goro. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihu. Masu POS suna ko'ina, amma tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ba ta san da su ba. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, don za ka cire shi ya fi sau biyar. Sutura ta mutunci ga namiji, mayafi ko hijabi ga mace. Cikin birni ba Sabon Gari ba ne.

In daga Kaduna kake, kada ka bari ka kai Kwangila. Tun daga Ɗan Magaji ka tambayi hanyar Ƙofar Doka, wadda ita ce babbar mashiga daga wajen Tudun Wada. Sauran ƙofofin akwai Ƙofar Gayan, da Kuyambana, da Kona, da Bai, da Jatau, da Galadima, da Tukur-Tukur. Ba sai ka zagaya su duka ba. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, ka sauka, ka bi gefen ƙofar da ƙafa har ka sami inda ganuwa ta rage. Gaskiyar magana, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, gidaje sun hau wani wajen. A wurare da yawa tudu kawai za ka gani da awaki a kai. Duk da haka ka hau tudun ka dubi faɗinsa, ka dubi kwarin da ke bayansa inda aka haƙi ƙasar, sa'an nan ka tuna cewa wannan abu ya kewaye gari na tsawon fiye da kilomita goma, kuma da kwando da fartanya aka yi shi. An bar filin noma a cikinsa da gangan, don in an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutane.

A nan ɗan rakiyarka zai kawo maka zancen Sarauniya Amina. Bisa abin da aka gada, 'yar Bakwa Turunku ce, ta shekara talatin da huɗu tana yaƙi, duk inda ta yi sansani sai ta sa a gina ganuwa, shi ya sa ake kiran tsofaffin ganuwowi da dama a ƙasar Hausa da sunanta. Garin kuma sunan ƙanwarta Zariya ya ci. Masana tarihi sun saɓa a kan zamaninta, wasu sun sa ta a ƙarni na 15, wasu na 16. Ka saurara, kada ka tsaya musu da mai masaukinka a kan shekara.

Daga ƙofa sai fada. Hanya za ta bi da kai ta Babban Dodo, ka ɓulla filin Ƙofar Fada, inda za ka ga fuskar gidan sarki da zane-zanenta masu launi. Yana da kyau ka san 'yan abubuwa kafin ka isa, don su ne za su sa ka gane abin da ake faɗa maka. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ne ya zo da tuta ya ci Zazzau. Sarkin da ya tarar, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan garin ne ya ba babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja, kuma har gobe sarkinsa Sarkin Zazzau ake ce masa. Wato wanda ya taso daga Abuja ya nufo Zariya, sawun Makau yake bi a juye. A Zariya kuwa sarauta ta zauna a gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Alhaji Shehu Idris na gidan Katsinawa ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020. Wanda ya gaje shi, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, Bamalle ne, kuma kafin shi rabon gidan Mallawa da sarauta tun Sarki Aliyu Ɗan Sidi, mawallafin waƙoƙin nan da Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, kusan shekara ɗari ke nan. In ka san wannan, ba za ka yi katoɓarar yabon wani gida ta hanyar kushe wani ba, a garin da kowane lungu yana da jikan sarki.

Ladabin fada ba ɓoyayye ba ne. Ka fara da dogarai, ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka: “Baƙi ne daga wuri kaza, mun zo ganin gari.” Su za su nuna maka iyakar inda za ka iya shiga. Inda ka ga takalma a jere, ka cire naka. In wani mai rawani ya gitta, ka rusuna ka ce “Ranka ya daɗe,” ko ka yi jinjina. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto sai ka tambaya. Ganin Sarki kansa ba abin da ake faɗowa a kai ba ne. Wanda ke da ayari, kamar 'yan makaranta ko ƙungiya, ya rubuta wa ofishin masarauta takarda tun da sauran kwanaki. In wani bafade ya ɗauki lokacinsa ya zagaya da kai, ka sallame shi da abin da ya sauwaƙa, a dunƙule cikin hannu, ba a bainar jama'a ba.

Daura da fada masallacin Juma'a yake, kuma labarinsa akwai daɗi akwai ɗaci. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu. Da ƙasa da azara kaɗai ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya ɗaura bakan gizo a kansu, ya rufe da tulluwa, ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi. Masana gine-gine na ciki da wajen ƙasar nan sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. Daga baya an lulluɓe tsohon ginin da na zamani. A watan Agusta na 2023 wani sashe ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu, daga nan aka shiga aikin sake gini. Saboda haka kada ka zo da tsammanin ganin abin da ka gani a tsofaffin hotuna. Ka tambayi ɗan rakiyarka halin da ake ciki da inda ake salla. Mai son ganin siffar aikin Durugu, akwai kwafinsa da aka gina a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A Zariya kuwa sunansa bai ɓace ba, akwai unguwar Babban Gwani.

Yanzu aka zo wurin da ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka, wato lungu. Ka bar titi ka shiga ƙafa, ta Kwarbai ko Unguwar Juma ko Kona. Ka roƙi ɗan rakiyarka ya nema maka izinin shiga tsohon zaure guda ɗaya, ɗaya tak ya isa in ka dube shi da kyau. Abin da za ka fara ji shi ne sanyi, ko da rana tana tsaka, don kaurin bangon ya kai kamu biyu ko fiye. Ka ɗaga kai. Za ka ga bakan gizo sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, wani lokaci da tasa ko faranti a manne a mahaɗar. A tsakaninsu an jera azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, an shirya ta a karkace kashi-kashi har ta rufe sama. In ka sami inda yaɓe ya zube a waje, ka duba tubalin: ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulo, mulmulalle ne mai faɗin gindi da tsinin kai, an jera shi a tsaye an cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Jan-baƙin da ke jikin bangon makuba ce, daga kwasfar ɗorawa, ita ke hana ruwa shiga. Can sama ga zankwaye a kusurwoyi, ga indararo ya miƙo don ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Gidan ƙasa yana son gyara duk shekara bayan damina, kuma wannan ne ya sa suke ƙarewa: magada sun ga siminti da kwano sun fi sauƙi. Ba na ganin laifinsu, ko da yake ɗakin kwano a watan Afrilu azaba ne.

A fuskar wasu gidajen, a birni da Tudun Wada, akwai zanen da Zariya ta yi suna da shi: dagi, takobi, har da keke da agogo da jirgin sama, waɗanda masu gida na wancan zamani suka sa a zana don a san sun waye. Ka nemi izini kafin hoto, kuma kada ka saita waya ta cikin ƙofar gida. Bayan zaure wurin mata ne. In akwai mace a ayarinku, ita tana iya shiga ta gaida matan gida, kuma sau da yawa ita za ta fito da labarin da ya fi naka.

Za ka wuce zauruka da dattawa zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye su da littattafai. Tun kafin boko Zariya garin karatu ce, musamman nahawu da lugga, almajirai na zuwa daga nesa. Limamin Kona ma yana cikin masu zaɓen sarki, tare da Limamin Juma'a da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami. In ka tarar ana karatu, ka yi sallama ƙasa-ƙasa ka zauna daga baya, ko ka wuce. Ba a katse malami don baƙo.

Tsaraba kuma, in za ka saya, ka sayi ɗinki. Zage-zagi maɗinka ne, za ka gan su a ƙofar gida da riga a cinya, kuma a yau mata a cikin gidaje suna yin kaso mai yawa na aikin hannun. Ga yadda ake gane na hannu: ka juya rigar ta ciki. Aikin inji yakan fito sumul, layi ɗaya kamar an buga, da zaren ƙasa mai wani launi. Na hannu kuwa za ka ga ƙulli nan da can inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, tazarar allura ba ta zama daidai cif ba, wani lokaci har da ragowar zanen da aka bi. Ka tambaya aska biyu ce ko aska takwas, ka tambayi irin zaren, ka ɗaga shaddar ga haske. Babbar riga mai cikakken aiki takan ci makonni ko watanni, don haka in an faɗa maka kuɗinta kada ka yi tayin wulaƙanci. In aljihu bai kai ba, hula ko 'yar shara ta wadatar. Wanda zai ba da aiki a yi masa, ya ba da rabin kuɗi ta hannun ɗan garin da ya san maɗinkin.

In ka fito daga birni da sauran awa guda da rabi, sai ka zaɓa. Mai son dutse da tsohon tarihi ya nufi Wusasa, kusa da Ɗan Magaji, a gindin Dutsen Kufena, inda mutane suka zauna tun kafin a kafa birnin yanzu. A Wusasa ne mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya fara a cikin birni ya koma, kuma cocin St Bartholomew da aka gina a 1929 ginin ƙasa ne irin na Hausa, da bakan gizonsa da komai. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ka nemi mai kula da cocin, ka gaishe shi kamar yadda ka gaida dogarai. Hawan Kufena kuwa sai da ɗan unguwa, da takalmi mai kama dutse, kuma ba da tsakar rana ba, ba kuma bayan ruwan sama ba, don santsi.

Mai son littafi kuma ya bi ta Tudun Jukun ya ga harabar Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. A Zariya ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma daga ofishin Rupert East na garin nan aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ba wani abin kallo mai yawa a wurin yanzu, tsofaffin gine-gine ne, amma duk wanda ya koyi karatun Hausa a firamare yana da dalilin tsayawa minti goma. A kan hanyar ce Kwalejin Barewa take, wadda aka fara a Katsina a 1921, ta zauna Kaduna, ta dawo Zariya a 1949. Gowon da Murtala Muhammad duk a nan suka yi. Samaru da jami'ar da aka buɗe a 1962 suna can kan hanyar Funtuwa. Wanda ya nufi Gusau ko Sakkwato zai bi ta gabanta, amma mai zuwa Kano ya bar ta sai wani jiƙon. Kusa da barikin soja da shingen jami'an tsaro, waya ta koma aljihu.

Abinci kada ya ci maka lokaci. In mai masauki ya kawo, ka ci, ƙin ci rashin kyautawa ne. In ba haka ba, Tudun Wada da Sabon Gari akwai gidajen abinci, ka zaɓi wanda ka ga 'yan gari sun cika. Direba ya sassauta wa tuwo da fura, barci suke kawowa a kan titi. Mazarƙwaila da rake na yankin Maƙarfi suna da arha a bakin hanya, yara za su yi murna.

Kafin ka tashi ka koma ka yi wa wanda ya karɓe ka sallama, ko da ta tsayuwa ce, ka ba yaran gida ɗan abin sayen alewa. Ka sha mai a cikin gari, ka duba ruwan mota da iskar taya, ka kira waɗanda ke jiranka ka ce ka taso. Daga Kwangila hanya ta miƙe ta Tashar Yari, Kwanar Ɗangora da Kura. In ƙarfe biyar ta yi maka a cikin Zariya, kada ka yi gardama da agogo, ka nemi masauki ka kwana, da safe ka ƙarasa abin da ka bari.